Sunan da Ke Bayan Hoto: Henrietta Johnston da Mata Masu Zane a Farkon Tarihin Amurka

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa za mu ɗan ajiye alƙalami mu leƙa gidan maƙwabtanmu, wato masu zane, domin sana'arsu da tamu 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowa da ƙwaƙwalwa da hannu yake aiki, kowa kuma fatansa aikin ya rayu bayan ransa, a kuma san wanda ya yi shi. Wannan maƙala za ta dubi yadda zanen hoton mutane ya faro a ƙasar Amurka tun tana ƙarƙashin mulkin Ingila, da rawar da mata suka taka a ciki, da kuma dalilin da ya sa aka yi shekaru fiye da ɗari biyu kafin a ba su matsayinsu. Za mu fi tsayawa a kan mace guda, Henrietta Johnston, wadda a yau masana suke ɗauka ita ce mace ta farko da aka sani ta riƙi zane a matsayin hanyar cin abinci a yankunan da Ingila ta mallaka a Amurka.

Zanen hoto kafin zuwan kyamara

Da farko sai mai karatu ya tuna cewa ɗaukar hoto da kyamara bai fito ga jama'a ba sai a shekarar 1839. Kafin nan, duk wanda yake son jikokinsa su san kamanninsa ba shi da wata dabara illa ya nemi mai zane, ya zauna a gabansa ana kallonsa ana zanawa, wani lokaci har kwana da kwanaki. Turawan da suka ƙaura daga Ingila zuwa gaɓar gabashin Amurka tun daga 1607 sun zo da wannan al'ada. Ba su cika damuwa da zanen yaƙi ko na tatsuniyoyin Girkawa irin na fadojin Turai ba. Abin da za su zaro kuɗi su biya shi ne fuskarsu da ta iyalinsu. Attajiri ya sa rigarsa ta alfarma, uwargida ta ci ado, a zana su a rataye a falo, duk baƙon da ya shigo ya san gidan masu hali ya zo.

Masu wannan aiki na farko-farko da yawansu ba su yi karatun zane ba. Wani mai fentin gida ne, wani mai rubuta allon shago, in an sami mai son hoto sai ya karɓa ya yi. Galibinsu kuma ba sa sa hannu a kan aikinsu. Alal misali, akwai wani sanannen hoto na wata mata mai suna Elizabeth Freake riƙe da jaririyarta Mary, wanda aka zana a Boston tsakanin 1671 da 1674, yanzu yana gidan adana zane-zane na Worcester a jihar Massachusetts. An san sunan uwar, an san na 'yar, an san na maigidan, John Freake, amma har gobe ba a san wanda ya riƙe burushin ba, sai dai a kira shi da sunan gidan da ya yi wa aiki. Ko bayan shekara kusan ɗari, John Singleton Copley na Boston, wanda ya fi kowa gwaninta a ƙasar a zamaninsa, ya yi kukan cewa mutanensu ba su ɗauki zane a bakin komai ba face sana'a irin ta kafinta ko tela ko baduku. A 1774 ya tattara ya tafi Turai, bai sake dawowa ba. To, idan namiji ya ji haka a jikinsa, ina ga mace?

Daga Faransa zuwa Dublin

An haifi Henrietta de Beaulieu a Faransa wajen shekarar 1674, a gidan Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta, waɗanda ake kira Huganot. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes, wadda tun 1598 ta ba su damar yin addininsu. Dubban jama'a suka bar ƙasar, iyalin Henrietta kuma suna cikin waɗanda suka ya da zango a Landan. A 1694 ta auri Robert Dering, ɗan wani gidan masu sarauta na Ingila, suka koma ƙasar Ailan da zama, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

A birnin Dublin aka fara ganin aikin hannunta. Dangin mijinta manyan mutane ne, su ta fara zanawa, cikinsu har da John Perceval, wanda daga baya aka naɗa shi sarautar Egmont. Tsofaffin hotunanta na can suna ɗauke da shekarun 1704 da 1705. Yadda take zaunar da mutum ya ɗan karkace kafaɗa ya fuskanci mai kallo ya yi kama da salon Godfrey Kneller, mai zanen fadar Ingila na lokacin.

Kayan aikinta kuwa fastel ne, wato garin launi da ake cuɗawa da ɗan ƙaro a mulmula shi kamar alli. Ana goga shi a kan takarda, a bi da yatsa a daidaita. Ba ya buƙatar mai, ba a jiran ya bushe, kuma ɗan ƙaramin akwati ya isa ya ɗauke shi duka. Aibinsa shi ne ƙura ce kawai a kan takarda. In ba a rufe ta da gilashi ba, danshi ko ɗan gugar hannu ya isa ya ɓata aikin. Hotunan Henrietta ƙanana ne, kimanin inci 9 a faɗi da 12 a tsawo, cikin baƙin firam na katako. Tana kuma da wata ɗabi'a: in ta gama, sai ta juya allon katakon da ke tokare hoton ta baya, ta rubuta sunanta, da wata kalmar Latin mai nufin ita ce ta yi, sannan sunan gari da shekara. Mai karatu ya riƙe wannan ɗabi'a a zuciyarsa, za mu dawo gare ta.

Rayuwa a Charleston

Robert Dering ya rasu wajen 1704. A 1705 Henrietta ta auri Gideon Johnston, wani limamin cocin Angilika wanda ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dublin. Mutum ne mai 'ya'ya daga aurensa na fari, bashi kuma ya yi masa katutu. Da Bishof na Landan, Henry Compton, ya naɗa shi wakilinsa a yankin Karolina na Amurka, sai suka ɗauka kakarsu ce ta yanke saƙa. A 1708 suka shiga jirgin ruwa da yaransu.

Tun a hanya al'amarin ya fara nuna halinsa. Da jirgi ya tsaya a tsibirin Madeira, Gideon ya sauka, kafin ya dawo jirgi ya tashi ya bar shi. Henrietta ta isa baƙuwar ƙasa ita kaɗai da yara. Shi kuma da ya biyo baya, sai ya maƙale a wani ɗan tsibiri kusa da gaɓa har kwana goma sha biyu, da ƙyar aka ceto shi da rai. Da ya shigo gari ya tarar jama'ar cocin St. Philip, inda aka turo shi, sun riga sun ɗora wani limami, Richard Marsden, ba su kuma da niyyar rabuwa da shi cikin daɗin rai.

Garin nan, wanda a lokacin ake kira Charles Town, an kafa shi ne a 1670, sai a 1783 aka mai da sunansa Charleston. Rahoton da hukumar yankin ta aika Landan a 1708 ya nuna jama'arta gaba ɗaya ba su kai 10,000 ba, kuma bayi 'yan Afirka sun kai yawan Turawan. Arzikin garin ya dogara ne a kan shinkafa da fatun barewa. Ga zafi, ga fadama, ga zazzaɓin cizon sauro da cutar shawara suna ɗibar mutane. Albashin limami kuwa ba ya zuwa a kan kari, in ma ya zo ba ya kai wa ko'ina.

Gideon mutum ne mai yawan rubuta wasiƙa, kusan kowace kuma koke ce. Yana rubuta wa ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da aka kafa a 1701, yana rubuta wa manyan limamai. A wata wasiƙa ta 1709 zuwa ga Gilbert Burnet, Bishof na Salisbury, ya bayyana cewa ba don taimakon da matarsa take yi da zanen hotuna ba, da ba zai iya rayuwa ba. Ya ƙara da cewa ko wannan ma ba zai daɗe ba, domin garin ba shi da jama'a. A wata wasiƙar da ta biyo baya ya ce kayan aikinta sun ƙare, ita kanta kuma ta yi doguwar jinya. A 1711 ita aka ɗora wa nauyin tafiya Landan da saƙonnin mijinta da na sauran limamai. Ashe ke nan matar limami ce ke riƙe da gidan limami.

Su wa ta zana? Da yawansu 'yan'uwanta ne Huganot da suka yi gudun hijira irin tata, suka yi arziki a Karolina, kamar gidan Bacot da gidan Prioleau da gidan Chastaigner. A 1711 ta zana wata yarinya, Henriette Charlotte Chastaigner, hoton yana gidan adana zane-zane na Gibbes a Charleston. Ta zana Kanar William Rhett sanye da sulke, mutumin da ya kama ɗan fashin teku Stede Bonnet a 1718. Mata takan yi su da sassauƙar riga da manyan idanu, maza da rigar fita ko kayan soja, daga kai zuwa ƙirji. Masana sun lura hotunanta na Karolina ba su kai na Dublin kaurin launi ba, abin da suke dangantawa da ƙarancin kayan aiki, tun da kowane ɗan guntun alli sai an yi odarsa daga ƙetaren teku. Wajibi ne kuma a faɗi wata gaskiya: duk fuskokin nan na masu gida ne. Bayin da suka noma shinkafar da aka biya kuɗin hoton da ita, babu wanda ya zaunar da su a gabanta.

A watan Afrilu na 1716 Gideon ya shiga kwalekwale don rakiyar Gwamna Charles Craven da zai tafi Ingila, kwalekwalen ya kife, ruwa ya ci shi. Henrietta ta sake zama bazawara, ta ci gaba da sana'arta. A 1725 ta je New York, inda ta zana wasu 'yan gidajen masu hali na can. Ta rasu a Charleston a watan Maris na 1729. Hotunanta da suka rage a duniya kimanin arba'in ne.

Yadda suna yake ɓacewa

A watan Janairu na wannan shekara ta 1729, wato 'yan makonni kafin rasuwarta, wani jirgi ya tsaya a Newport ɗauke da masanin falsafa George Berkeley da wani mai zane ɗan Edinburgh, John Smibert. Smibert ya yi karatun zane a Landan, ya zaga Italiya, yana kuma aiki da fentin mai a kan manyan yaduna. Ya zauna a Boston, ya buɗe ɗakin aiki, matasa suka riƙa zuwa kallo suna koyo. Marubuta tarihi sun daɗe suna lissafin cewa da zuwansa ne zane na sosai ya fara a Amurka. A 1834 William Dunlap ya wallafa littafinsa mai juzu'i biyu a kan tarihin zane a ƙasar, wanda ya zama madogarar na baya. Ya fara jerin masu sana'ar da John Watson, wanda ya zauna a New Jersey wajen 1715, sannan Smibert, alhali kuwa kafin zuwan Watson Henrietta ta riga ta shekara shida ko bakwai tana ciyar da gida da allinta a Charleston.

Don mai karatu ya ga bambancin, ga Rosalba Carriera ta birnin Venice, wadda aka haifa a 1673, sa'ar Henrietta, kuma ita ma da fastel take aiki. A 1720 ta je Faris, ta zana yaron sarki Louis na 15, aka shigar da ita cikin Cibiyar Zane ta Sarautar Faransa. Ita ta sami fada da cibiya da masu rubuta labarinta, sunanta bai taɓa ɓacewa ba. Henrietta ba ta sami ko ɗaya ba.

Ana iya kawo dalilai huɗu. Na farko, aure yana sauya wa mace suna a al'adar Turawa: an haife ta de Beaulieu, ta sa hannu da Dering a Dublin, ta sa da Johnston a Karolina. Mai binciken da bai san tarihinta ba zai ɗauka mata daban-daban ne. Na biyu, dokar Ingila ta wancan zamani ta narkar da matar aure cikin mijinta, abin da ta samu nasa ne, don haka sunanta ba ya yawan fitowa a takardun ciniki da na kotu, waɗanda su ne abincin mai binciken tarihi. Na uku, irin aikin da aka bar wa mata, wato fastel da ƙananan hotuna, aiki ne da ake ajiyewa a ɗakin kwana ko cikin akwati, ana gadonsa daga uwa zuwa 'ya, ba ya rataye a majalisa balle baƙo ya gani ya rubuta. Na huɗu, masu rubuta tarihin sun riga sun yanke cewa babban zane shi ne na fentin mai a kan babban yadi, wanda ke buƙatar koyon surar jikin ɗan Adam, ajin da aka hana mata shiga. Ko a Cibiyar Zane ta Pennsylvania, wadda aka kafa a 1805, ba a buɗe wa mata irin wannan aji ba sai a 1868. An rufe musu ƙofa, sannan aka juyo ana tambaya me ya sa ba a gan su a ciki ba.

Waɗanda suka biyo baya

A Charleston ɗin dai, bayan Henrietta an yi Mary Roberts, wadda mijinta mai zane ya rasu a 1740, ta sa talla a jaridar garin cewa tana zanen fuska. Ƙananan hotuna take yi a kan hauren giwa, tana sa haruffa biyu na farkon sunanta kawai. Ta rasu a 1761, kaɗan ne daga aikinta aka gano.

Bayan samun 'yancin Amurka abin ya ɗan sassauta ga waɗanda aka haifa a gidan zane. Anna Claypoole Peale da ƙanwarta Sarah Miriam Peale 'ya'yan James Peale ne na Filadelfiya, mahaifinsu ya koya musu, suna taya shi cike tufafi da ado a hotunansa. A 1824 aka zaɓe su mambobin Cibiyar Pennsylvania, su ne mata na farko da suka sami wannan matsayi. Sarah, wadda aka haifa a 1800, ba ta yi aure ba. Ta buɗe ɗakin aikinta a Baltimore tana gogayya da maza, ta zana Janar Lafayette a lokacin ziyararsa ta 1824 zuwa 1825, ta zana 'yan majalisa irin su Daniel Webster da Thomas Hart Benton. A 1847 ta koma St. Louis, inda ta yi shekara kusan talatin tana cin gumin hannunta. Ta rasu a 1885. Duk da haka, in an ambaci gidan Peale, sunan baffanta Charles Willson Peale da na ɗansa Rembrandt ake fara kawowa.

Labarin Jane Stuart ya fi taɓa zuciya. Mahaifinta, Gilbert Stuart, shi ya zana hoton George Washington na 1796 wanda ke jikin takardar dala ɗaya. Jane ta tashi tana niƙa masa launi tana cike masa bangon hotuna. Da ya rasu a 1828 bai bar wa iyalinsa komai ba sai bashi. Jane tana da shekara goma sha shida ta buɗe ɗakin aiki a Boston, ta riƙe mahaifiyarta da 'yan'uwanta, akasari ta hanyar kwaikwayon hotunan Washington na mahaifinta, domin su kasuwa take so. Sunan da ke sayar da hoton nasa ne, hannun da ya yi aikin nata ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda aka tono sunan

Jikokin gidajen Charleston sun ci gaba da riƙe ƙananan hotunan kakanninsu, duk wanda ya juya bayan hoton kuma zai ga suna da shekara. Sunan bai mutu ba ke nan, sai dai babu labarin mai shi. A 1946 wani masanin tarihi, Frank Klingberg, ya tattara wasiƙun Gideon Johnston daga taskar ƙungiyar mishan ya wallafa su. Tarihin coci yake nema, amma a cikin koke-koken limamin sai ga matarsa mai zane. A 1947 Anna Wells Rutledge, 'yar Charleston, ta buga maƙala a mujallar Antiques, wadda kanta ma tambaya ce: wace ce Henrietta Johnston? A 1966 Margaret Simons Middleton ta wallafa littafi sukutum a kan rayuwarta. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin ukun nan mata ne.

Daga nan guguwar ta ƙaru. A 1971 Linda Nochlin ta rubuta maƙalar nan da ta tambayi dalilin rashin manyan mata masu zane, ta nuna cewa amsar tana cikin makarantu da dokoki da al'adun da suka tare musu hanya. A 1976 ita da Ann Sutherland Harris suka shirya baje kolin ayyukan mata na shekara ɗari huɗu, daga 1550 zuwa 1950, a Los Angeles. Littafin H. W. Janson na tarihin zane, wanda aka fara bugawa a 1962 ake kuma karantar da shi a jami'o'in Amurka, bai saka mace mai zane ba sai a bugun 1986. A 1987 aka buɗe gidan adana zane-zanen mata a birnin Washington. A 1991 aka baje kolin ayyukan Henrietta su kaɗai a Winston-Salem, shekara 262 bayan rasuwarta. Hotunanta na Pierre Bacot da matarsa suna gidan Metropolitan na New York.

Kammalawa

Ba a cewa Henrietta Johnston ta kai Copley gwaninta, kuma ba wannan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne an yi aiki, an ci abinci da shi shekara ashirin, amma littafin tarihi ya tsallake mai aikin. Abu biyu suka cece ta: rubutun da ta yi da hannunta a bayan allunan hotunanta, da wasiƙun da wata ƙungiya ta adana a taskarta. Ba don su ba, da yau ana kiranta da sunan gidan da ta yi wa aiki, kamar mai zanen Elizabeth Freake.

Wannan darasi namu ne, mu marubuta, maza da mata. Duk rubutun da ka gama, ko waƙa ce ko gajeren labari, sa sunanka da garinka da kwanan wata. 'Yar'uwa marubuciya ta tsaya a kan suna ɗaya na alƙalami, ko aure ya kai ta wani gida. Wasiƙar mawallafi da rasiɗin maɗaba'a da kwafin farko na littafi, a nema musu wurin ajiya inda gara da ruwa ba za su kai ba. Ƙungiya kuma ta kula da taskarta, domin takardar da ake gani ba ta da amfani yau ita wani mai bincike zai zo nema bayan ba mu. Masu sharhi da masu tsara jerin marubuta su ma, kafin su rubuta cewa wane ne ya fara, su daure su bincika ko akwai wata da ta riga shi.